Resilin: Ƙaryar da ke Karya Ƙashi

A unguwarmu, cikin shekarun 1990, akwai wani zaure da aka mayar gidan kallo. Benci shida ne a ciki, da talabijin ɗaya a kan durom, da bidiyo mai yawan cin kaset, sai ƙaramin janareto da ke tari a bakin ƙofa. Ranar da aka samo sabon kaset na resilin, mai gidan ba ya wahalar talla. Ya ɗauki alli ya rubuta "Andateka" a jikin allo ya jingine a waje, kafin la'asar sakaliya zaure ya cika har taga.

A nan na fara jin gardamar da har yau ba ta mutu ba. An nuno Undertaker, wanda bakinmu ya mayar Andateka, kwance shame-shame bayan an sha jibgarsa. Kowa ya ɗauka an gama da shi. Sai mutumin nan ya tashi zaune zumbur, kamar gawar da ta fasa tafiya, ya juya idanu suka koma fari fat. Zaure ya kaure. Wani tela, dattijo marar yawan magana, ya girgiza kai ya ce, "Wannan da shirinsa. Tukunyar nan da yaronsa ke rungume da ita, a nan asirin yake." Wani ɗalibin jami'a da ya zo hutu ya tuntsire da dariya: "Haba Baba, ai duk shiri ne! Tun kafin su fito sun san wanda zai ci." Dattijo ya waiwayo ya ƙare masa kallo. "To ɗan boko, zo in ɗaga ka in maka da ƙasa yadda aka yi wa wancan, in ka tashi sai ka gaya mana ko fim ne."

Su duka biyun "shiri" suka ce, amma shirin da kowa ke nufi daban. Na yi shekaru ina ganin ɗalibin ne ya ci gardamar. Yanzu da na girma na karanta tarihin abin, na gane cewa rabin gaskiya ya riƙe, kuma rabin da ke hannun telan, in aka cire zancen tukunya, ya fi nauyi.

Batun cewa an san mai nasara tun a ɗaki, masu sana'ar da kansu suka faɗa. A watan Fabrairun 1989 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake nunawa nishaɗi ne, ba gasar ƙarfi ta haƙiƙa ba. Ba tsoron Allah ya sa su faɗar gaskiya ba. So suke hukumar wasanni ta jihar ta cire musu ido, su huta da dokokinta da kuɗaɗenta. Kafin nan ma asiri ya fara tonuwa. A 1987 'yan sanda sun tare wata mota a wannan jihar, suka tarar da Iron Sheik da Jim Duggan zaune tare, ga kayan maye a cikin motar. A talabijin kuwa mutanen nan biyu ba sa ga maciji: ɗaya Ba'irane mai zagin Amurka, ɗaya mai yawo da tutarta. Abin da ya fi ba masoya haushi ba ƙwayar ba ce, ganin maƙiya biyu a mota ɗaya ne, suna kan hanyar zuwa inda za su doki juna.

Asalin abin tsoho ne. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, masu yawon wasanni gari-gari sukan kafa tanti su fito da wani ƙato, su ce duk wanda ya iya jure masa na 'yan mintoci zai ci kuɗi. Sau da yawa wanda zai fito daga cikin taro ya karɓi ƙalubalen yaronsu ne, ana ta caca, 'yan gari na asara. Kokawa ta gaske kuma tana da wata illa ga mai sayar da tikiti: ƙarfafa biyu suna iya sarƙe juna a ƙasa awa guda ba wanda ya motsa, 'yan kallo na hamma. A shekarun 1920 wasu mutum uku, Ed Lewis da Billy Sandow da Toots Mondt, suka gyara kasuwar. Suka ƙayyade lokaci, suka kawo salon jifa da tsalle mai ɗaukar ido, suka ɗaure 'yan wasa da kwantiragi, sannan suka riƙa jan gaba tsakanin mutum biyu daga wannan gari zuwa wancan, don wanda ya ga farko ya biya ya ga ƙarshe. Duk abin da ya biyo baya, har zuwa Vince McMahon da ya sayi kamfanin mahaifinsa, wato WWF, a 1982 ya haɗiye ƙananan kamfanonin yankuna, ya kafa WrestleMania a 1985, gini ne a kan wannan tubali.

Masu sana'ar suna da wata kalma, "kefeb", wato riƙe sirri: ka zauna cikin rigar da aka sa maka ko a kasuwa aka gamu da kai. Kuma sun raba duniya gida biyu, irin rabon da duk wanda ya taso da finafinan Indiya da na Sin ya sani, jarumi da bos. Aikin bos ya fi wuya, domin sai ya sa an tsane shi tsana ta gaske. Wanda ya fara nuna yawan kuɗin da ke cikin tsana shi ne Gorgeous George, a farkon zamanin talabijin. Ya rina gashinsa, yana tafe yana yanga, yaronsa na fesa turare a dandamali kafin maigida ya taka. Mutane suka riƙa tururuwa don su ga an fasa masa baki. Wani matashin ɗan dambe ya gamu da shi a Las Vegas a 1961 ya ɗauki darasi, kuma daga baya ya sha faɗa da bakinsa cewa a wurin George ya koyi cika baki. Sunan matashin a lokacin Cassius Clay, wanda duniya ta sani da Muhammad Ali.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san cewa kafin a kai naushi ɗaya an riga an ci rabin kuɗin kallo: makaɗi ya saki taken ɗan wasa, tsuma ta motsa, ya fito yana kirari yana nuna abokin karawa da yatsa. Ɗan dambe Shago ba da hannu kaɗai ya zama Shago ba, har da bakin makaɗi Ɗan Anace. Ƙararrawar nan mai sanyaya jiki da ake kaɗawa a kashe fitilu kafin Andateka ya fito, take ce. Surutun da ɗan resilin ke yi da makirufo yana zare ido, kirari ne. Bambancin shi ne, a dambe ko a kokawar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, in an gama kiɗa da kirari sai ƙarfi ya yi hukunci, kuma ba wanda ya san wanda zai sha ƙasa. Resilin ya ɗauki kiɗan da kirarin ya mayar da su uwar tuwo, ya bar wa marubuci hukunci.

To ina gaskiyar telan? Tana cikin dandamalin kansa. Ƙarfe ne aka gitta, aka shimfiɗa katako, aka ɗora 'yar katifa siririya, aka rufe da tamfol. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa: ya sauka da faɗin baya, ya baza hannuwa, ya manne haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu. Zai yi wannan sau ɗaruruwa kafin a koya masa kama kowa. In ka ga an ɗaga ƙato sama kamar buhun dusa, dubi hannun wanda aka ɗaga, za ka gan shi dafe da cinya ko kafaɗar mai ɗagawar, yana taimakawa. Suna raɗa wa juna abin da zai biyo baya yayin da suka sarƙe. Alƙalin wasa yana da 'yar na'ura a kunne, ana gaya masa daga bayan fage saura minti nawa, shi kuma ya isar. Jinin da muke gani a da, mafi yawansa na gaske ne: ɗan wasa kan ɓoye guntun reza a cikin filastar da ya naɗe hannu da ita, in ya faɗi ya kifa fuska sai ya ɗan tsaga goshinsa, gumi ya tsinka jinin ya wanke fuska. Wato mutum biyu ne ke haɗa kai su yi wa juna rauni daidai gwargwado, kowa ya damƙa wuyansa amana a hannun ɗan'uwansa.

Wani lokaci gwargwadon yakan kuɓuce. A watan Agustan 1997 Owen Hart ya kifa Steve Austin ta ka, lissafi ya kuskure da 'yan inci, Austin ya kwanta gaɓoɓinsa sun daina motsi na ɗan lokaci, kuma ciwon wuyan nan ne ya gajarta masa sana'a. A Yunin 1998 Andateka ya wurgo Mick Foley daga saman kejin ƙarfe ya faɗo kan teburin masu sharhi, aka ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata, ya sauka ya sake hawa, rufin kejin ya ɓalle da shi ya sake faɗowa, aka nuno shi da haƙori maƙale a hanci. Shi kuwa Owen Hart, ranar 23 ga Mayun 1999 a birnin Kansas, ana sauko da shi da igiya daga rufin zaure don ya ba da dariya, maɗaurin ya kwance, ya faɗo daga tsayin da ya haura ƙafa 70. Ya mutu yana da shekara 34. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa a kan dandamalin da ya faɗo. Har gobe ban ga hujjar da za ta wanke wannan hukunci ba. Ga kuma waɗanda ba a gaban kyamara suka faɗi ba, waɗanda allurar ƙara tsoka da ƙwayar kashe zafi suka cinye a ɗakunan otal, irin su Eddie Guerrero da zuciyarsa ta tsaya a 2005 yana da shekara 38. Har yau 'yan wasan WWE ba su da ƙungiyar ƙwadago, kamfanin yana ɗaukarsu a matsayin 'yan kwangila ne, ba ma'aikata ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yanzu, wanda muna yara ba mu lura da shi ba, shi ne wa ake zaɓa ya zama bos. In kana son sanin wanda Ba'amurke ke tsoro a kowane zamani, dubi wanda ake yi wa eho a resilin. Bayan yaƙin duniya na biyu, Jamusawa ne da Japanawa. Zamanin yaƙin cacar baki, Rashawa. Da ɗaliban Iran suka yi garkuwa da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a 1979, kasuwar Iron Sheik ta buɗe, kuma shi Hulk Hogan ya kayar a Janairun 1984 ya zama gwarzon ƙasa. Da Saddam ya shiga Kuwait a 1990, sai aka ɗauki Sajan Slaughter, wanda aka sani da kishin Amurka, aka ce ya koma bayan Iraƙi, aka ba shi kambu ana tsakiyar yaƙi, don Hogan ya ƙwato a Maris ɗin 1991. Mu kuma a zaurenmu, a garin da a shekarar aka raɗa wa jarirai da yawa suna Saddam, muna ta tafa wa Hogan. Ba mu jin Turancin, duka kawai muke gani.

Afirka ma ta samu rabonta. Kowa ya tuna Kamala, "ƙaton Yuganda", mai zane a fuska da wata a tumbi, ba takalmi, yana dukan ciki, wai ko magana bai iya ba, sai an riƙa nuna masa yadda ake danne mutum. Sunansa James Harris, baƙar fatar Amurka ne daga jihar Mississippi, a Memphis aka ƙirƙira masa wannan riga a 1982. Mun yi dariya, ba mu san da mu ake ba. Mutumin ya ƙare da tuƙin babbar mota, ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafafu biyu, ya rasu a 2020. Sai kuma Muhammad Hassan, wanda aka fito da shi a ƙarshen 2004 a matsayin Balaraben Amurka mai kukan wariyar da ake nuna wa irinsa tun bayan harin 11 ga Satumba. Kukan nasa gaskiya ne, amma aka tsara shi yadda za a yi masa eho. Ɗan wasan, Marc Copani, asalinsa Italiya ne. An ɗauki wani shiri inda wasu masu rufe fuska suka far wa Andateka bisa umarninsa, aka nuna shi ranar 7 ga Yulin 2005, ranar da bama-bamai suka tashi a Landan. Gidan talabijin ya ce kada ya sake ganinsa. Waɗanda suka rubuta labarin suka ci gaba da aikinsu, yaron da ya hau fage ya rasa nasa, ya koma aikin koyarwa.

Da labarin ya tsaya nan, da sai in ce ɗan kallon resilin tunkiya ce da ake kaɗawa. Amma ba haka ba ne, kuma a nan ne ɗan bokon zaurenmu ya yi kuskure. Ya ɗauka wanda ya san shiri ne zai daina kallo. Sai ga shi bayan 1989 kasuwar ƙaruwa ta yi. Masanin nan na Faransa, Roland Barthes, ya lura tun a shekarun 1950 cewa ɗan kallon resilin ba sakamako ya kai shi ba, yana son ya ga azzalumi ya biya bashin zaluncinsa a bainar jama'a. Masoyin zamani ya ƙara wani abu a kai: labari biyu yake bi a lokaci guda, na kan dandamali da na bayan labule. Wa kamfani ke son ɗagawa? Wa aka danne? Ranar da labaran biyu suka haɗu ita ce 9 ga Nuwamban 1997 a Montreal ta Kanada. Bret Hart, ɗan Kanada, zai koma kamfanin hamayya na WCW, ya ƙi yarda ya sauke kambu ga Shawn Michaels a ƙasarsa. Aka yi masa alkawarin ba za a kayar da shi ba, sai ana cikin wasa McMahon ya sa aka kaɗa ƙararrawa wai ya sallama, alhali bai sallama ba. Hart ya tofa masa yawu a fuska a gaban kyamara. Cin amana ne na gaske a cikin wasan ƙarya, kuma McMahon, ɗan kasuwa, ya ɗauki tsanar da aka yi masa ya zama bos da kansa, maigida azzalumi da Steve Austin ke duka kowane mako a madadin duk wanda ya taɓa yin aiki a ƙarƙashin wani. Da wannan ya kayar da WCW, ya saye shi a 2001.

Tun daga nan 'yan kallo suka gane cewa maƙogwaronsu alƙalami ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Gana. Da ya shigo, kamfanin cewa ya yi daga Jamaika yake, har da harshen aro, sai a 2009 aka mayar masa da ƙasarsa. Ya shekara goma sha ɗaya yana tsalle yana ba da nishaɗi, ba wanda ya sa shi a lissafin manya. A Fabrairun 2019 wani ɗan wasa, Mustafa Ali, ya ji rauni, aka cusa Kofi ya cike gurbi. Ya yi kusan awa guda yana karawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, sai zaure ya kama kiran sunansa. Mako ya zagayo, wani gari, kiran bai tsaya ba. Dole marubuta suka yage abin da suka tsara, suka mayar da danniyar da aka yi masa ta zama ita ce labarin. Ranar 7 ga Afrilun 2019 ya kayar da Daniel Bryan ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe babban kambun WWE. An nuno manyan mutane suna hawaye, kuma ba wanda a cikinsu bai san rubutawa aka yi ba. Abin da suke wa kuka shi ne an rubuta ɗin, bayan shekaru ana ganin irinsa bai cancanta ba. Kada dai mu yi saurin guɗa: bayan wata shida kamfanin ya sa Brock Lesnar ya karɓe kambun cikin ƙasa da daƙiƙa goma. Mai alƙalami na ainihi yana nan.

Lesnar ɗin nan ne kuma ya ba masoya shirun da ba su taɓa yi ba. Andateka ya yi nasara sau 21 a jere a WrestleMania tun daga 1991, har kowa ya ɗauka wannan doka ce. Ranar 6 ga Afrilun 2014 a New Orleans alƙali ya ƙirga uku a kansa. Dubban mutane suka yi tsit, baki buɗe, hannu a ka, ko kiɗa ba a saka ba na ɗan lokaci. Shi kuwa Mark Calaway, mutumin da ke cikin rigar, daga nan asibiti aka wuce da shi saboda buguwar da ƙwaƙwalwarsa ta yi a cikin wasan.

Yau sana'ar ta wuce tanti. Tun 2018 WWE ke kai manyan wasanninsa Saudiyya, ya haɗe da kamfanin UFC a 2023, shirinsa na Raw ya koma Netflix a Janairun 2025 kan yarjejeniyar dala biliyan 5 ta shekara goma. Donald Trump, wanda ya aske wa McMahon kai a WrestleMania ta 2007, yana cikin jerin gwarazan da kamfanin ya karrama, kuma wanda ya san yadda ake kirarin resilin zai gane salon a bakinsa. 'Yan Najeriya, da suka san Power Mike da Mighty Igor tun shekarun 1970, yanzu suna da nasu a ciki: Omos da Oba Femi, duka haifaffun Legas. Oba Femi da takalminsa yake shiga, kuma shi ke riƙe da makirufo.

Saura abu ɗaya da ya faru bayan an tashi daga kallo a wannan rana ta gardama. Mun koma gida, muka jawo katifar soso tsakar ɗaki, na ce ni ne Andateka, ƙanena ya yarda ya zama wanda za a binne. Ban san cewa gwiwoyin Andateka ne ke fara taɓa ƙasa ba, kan abokin wasansa na maƙale a sama tsakanin cinyoyi ba ya taɓa komai. Ban kuma san cewa wannan salon kifawa ta ka, kamfanin da kansa zai zo ya haramta shi ga kusan kowa ba. Allah ya taƙaita, kafaɗa ce ta sauka ba wuya ba. Mai ɗori ya yi aikinsa, ni kuma na sha nawa dukan, wanda babu shiri a cikinsa. Iyaye, yaranku suna kallon abin nan a waya ko kun sani ko ba ku sani ba. Cewa "ƙarya ce" ba ta hana su gwadawa, sai ma ta sa su ɗauka ba ciwo. Ku zauna da su, ku tsayar da hoton, ku nuna musu hannun wanda ake ɗagawa da gwiwar mai saukewa. Ƙanena yanzu magidanci ne da 'ya'ya huɗu, kuma duk sanyin hunturu sai kafaɗar nan ta tuna masa da ni.